Nutso a Maldibs: kwalliya ta biya kuɗin sabulu, amma ba a ɗakin kwana ba

Tun dawowarmu daga Maldibs, ƙasar tsibirai da ke tekun Indiya, ƙawaye ke tambayata wane otal muka sauka, kuma nawa ake biya a kwana. Ba zan kama sunan otal ɗin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa. Wanda zai je don ya ɗauki hoto a kan gadar katako, kowane otal ya ishe shi. Wanda kuwa zai goya tukunyar iska ya shiga ƙarƙashin teku, gara ya fara binciken sashen nutso na otal ɗin tun kafin ya kalli hoton gado.

Bayan mun aurar da autarmu gida ya yi tsit. Alhaji mutum ne mai son tashoshin namun daji, ya daɗe yana kallon masu nutso a talabijin, sai rannan ya ce, "Hajiya, tun da yara sun watse, mu je mu ga kifayen nan da idonmu." Ni 'yar Tudun Wada ce, ruwan da na sani shi ne kogin Kaduna, shi ma daga kan gada, kuma an tashe mu da gargaɗin kada a kusance shi. Saboda haka aikin farko koyon iyo ne. Kafin a ba mutum takardar shaidar nutso ta matakin farko ta PADI, ƙungiyar da ke horar da masu nutso, sai ya yi iyon mita 200 ba tare da tsayawa ba, sannan ya zauna a saman ruwa minti 10 bai dafa komai ba. Na sami wata mai koyarwa a wurin wanka na wani otal a nan Kaduna, muna zuwa da sassafe kafin maza su fito. Karatun littafin kuma muka yi shi ta intanet muna gida, don kada mu biya kuɗin otal mai tsada muna zaune a aji.

Wurare uku muka auna. Masar ta fi kusa kuma ta fi sauƙin kuɗi, ga Bahar Maliya da wurare irin su Ras Mohammed kusa da Sharm el-Sheikh, sai dai a watannin hunturu da muke son tafiya ruwan can yana da sanyi ga sabon shiga. Zanzibar ma ta shiga lissafi saboda tsibirin Mnemba. Abin da ya ja mu Maldibs biyu ne: ana ba baƙo bizar kwana 30 kyauta a filin jirgi, kuma ɗumin ruwan ba ya nisa da digiri 28 zuwa 30 duk shekara. Daga Disamba zuwa Afrilu ne lokacin raninsu, teku ya fi kwanciya, ana ganin nesa a cikin ruwa, farashi ma a lokacin ya fi tashi.

Kamfanin shirya tafiye-tafiyen da muka saba da shi gwanaye ne a harkar Umara da Dubai. Yaron da ke kan tebur ya turo mini hotunan ɗakuna a kan ruwa, yana cewa, "Hajiya, wannan taurari biyar ne, komai akwai." Da na tambaye shi malaman nutso nawa gare su, sai ya ce zai bincika, har yau yana binciken. Tikiti kawai muka yanka a hannunsu. Sauran na yi da kaina: na rubuta wa sashen nutso na kowane otal wasiƙa kai tsaye, ba teburin karɓar baƙi ba. Na tambaye su ɗalibi nawa malami ɗaya ke ɗauka, ko akwai mace a cikin malaman, ko ana shiga wurin murjani da ƙafa daga bakin tsibirin ko sai an hau jirgin ruwa, ko suna ɗaukar iskar agajin gaggawa a jirgi, da kuma nisan asibitin da ke da ɗakin matsin iska, inda ake jinyar mai nutso idan ya sami matsala. Wani otal da ya fi duka tsada ya amsa mini da jerin farashin tausa. Wanda muka zaɓa, shugabar sashen ce ta amsa da kanta, tambaya bayan tambaya, har ta ƙara da abin da ban tambaya ba.

Ita ce ta hana mu asarar kuɗi a kan Hanifaru. Alhaji ya ga bidiyon tarin kifayen manta, manyan kifaye masu faɗi kamar masu fukafukai, a wannan wuri na yankin Baa, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2011, ya kafe sai can. Ta bayyana mana cewa an hana nutso da tukunyar iska a Hanifaru, iyo kawai ake yi a sama da bututun numfashi, kuma kifayen suna taruwa ne tsakanin Mayu da Nuwamba, ba lokacin zuwanmu ba. Sai muka koma Kudancin Ari, inda ake ganin babban kifin nan mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya, a kowane wata na shekara.

Akwai fom na lafiya da ake cikewa, kuma kada wanda ya raina shi. Yana tambaya a kan asma, hawan jini, ciwon zuciya, ciwon suga, matsalar kunne, da ciki ga mata. Mu da muka haura 45, Alhaji kuma yana shan maganin hawan jini, sai da likita ya duba mu ya sa hannu. A yi wannan a Kaduna, a tafi da takardar. Mai ciwon sikila kuwa likitocin nutso ba sa yarje masa, kuma mun san yawan masu shi a danginmu, don haka a faɗa wa likita gaskiya. Mun kuma sayi inshorar DAN, ƙungiyar da ke kula da lafiyar masu nutso, saboda inshorar tafiya ta yau da kullum ba lalle ta ɗauki nauyin haɗarin nutso ba.

Hanyar doguwa ce: jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, jirgin sama daga Abuja zuwa Doha, daga nan zuwa filin jirgin Velana da ke kusa da Male, babban birnin Maldibs, da katin rigakafin shawara a hannu. Ƙananan jiragen da ke sauka a kan ruwa, waɗanda ke kai baƙi tsibiran otal-otal, da rana kawai suke tashi, saboda haka wanda ya isa da yamma zai kwana a kusa da filin jirgi a aljihunsa. A duba lokacin sauka kafin a yanki tikiti.

Yanzu ga abin da ya sa ban yi da-na-sanin kuɗina ba. Malamarmu ta ɗauke mu mu biyu kacal. Ta fara da mu a ruwa iya ƙirji, muka durƙusa a kan yashi, ta ce in sa fuska in ja numfashi. Jikina ya ƙi yarda, na miƙe tsaye ina haki. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini lallashin yara ba, ta ce in riƙe robar numfashin a baki ina tsaye har sai ƙarar ta daina ba ni tsoro. Abu biyu ta riƙa maimaitawa har suka zauna mini: kada a taɓa riƙe numfashi, domin iskar da ke cikin huhu tana kumbura idan mutum yana tasowa, kuma a riƙa toshe hanci ana hurawa a hankali tun kafin kunne ya fara zafi. A zurfin mita 10 nauyin da ke kan jiki ya ninka na bakin ruwa sau biyu, shi ya sa mitocin farko suka fi wahalar da kunne. Alhaji matsalarsa daban ce: gashin baki ya hana gilashin fuska kamawa, ruwa na ta shiga masa hanci. Malama ta ba shi wani mai na musamman ya shafa, ta kuma ba shi shawarar ya ɗan rage gashin da ke dab da hanci. Ya yi gunaguni, ya rage.

Batun sutura ya zo da sauƙi fiye da yadda na zata. Na tafi da kayan iyo masu rufe jiki, na ɗora rigar nutso mai dogon hannu da ƙafa, ga hular roba mai rufe kai da wuya wadda masu nutso da yawa ke sawa ko ba don addini ba. Doguwar riga mai sauƙin bushewa tana jirana a jirgi. Babu wanda ya kalle ni sau biyu.

Wurin murjanin da ke jikin tsibirin shi ne dukiyar otal ɗin. Taku kaɗan daga bakin yashi ƙasa ke zarcewa, sai ga gangare cike da kifi. A nan na ga kunkurun ruwa yana kiwo bai damu da mu ba, da ƙananan kifayen shak masu baƙin tabo a kan fiffike suna sintiri. Abin da talabijin ba ta nuna wa Alhaji ba shi ne ƙara. Akwai wani kifi kore da shuɗi mai baki irin na aku, yana gatsar dutsen murjani, ana jin ƙurus-ƙurus kamar mutum na cin ƙuli-ƙuli a bayanka, can sai ya saki farin gari ta baya. Malama ta ce wani ɓangare na farin yashin da muke takawa daga cikin wannan kifi ya fito. Launi ma yana canzawa: ja ne ke fara ɓacewa, jan igiyar da ke hannuna ta koma ruwan ƙasa tun ba mu kai mita 18 da aka iyakance wa masu takardarmu ba. Sai dai gaskiya ɗaya: a saman gangaren akwai fili babba na mataccen murjani, toka-toka. Ɗumamar ruwa ta yi wa murjanin Maldibs mummunar ɓarna a 1998 da 2016, ta sake taɓa shi a 2024. Hoton da ke shafin otal ɗin bai nuna wannan ba, kuma ya kamata ya nuna.

Tsarin jirgin nutsonsu ya burge ni. Kafin kowa ya shiga, jagora kan zana taswirar wurin a allo, ya sauka shi kaɗai ya duba inda ruwa ke ja. Ana farawa da iska ma'auni 200 a agogon tukunya, wanda tasa ta sauko zuwa 50 tafiya ta ƙare, a tsaya minti 3 a mita 5 kafin a fito. Ana kiran suna ɗaya bayan ɗaya kafin a tayar da inji. Wata rana wani baƙo ya dage sai an kai shi mashigar da ruwa ke da ƙarfi, jagora ya ce a'a, ya ci gaba da naɗe igiyarsa.

Fita neman babban kifin ce ba ta yi mini daɗi ba. Mun gan shi, tsawonsa ya ninka na Alhaji sau uku ko fiye, yana tafiya a natse. Amma jirage da yawa daga otal-otal daban suka yi masa caa, mutane na faɗawa ruwa suna shurin juna, wata ta ɗora mini ƙafa a kafaɗa. An ce yankin na ƙarƙashin kariya tun 2009, kuma an hana taɓa kifin, amma taron ya fi ƙarfin dokar. Kifin ya gaji ya yi ƙasa. Kuɗin wannan fita daban ake biya, kuma ba kaɗan ba ne.

Wannan ya kawo ni ga takardar kuɗi. "Komai a ciki" da suke rubutawa abinci da abin sha yake nufi, nutso ba ya ciki. Kowace shiga ruwa da kuɗinta, hayar kaya da nata, kujerar jirgin ruwa da nata. A kan kowane farashi ana ɗora kashi 10 na hidima, da harajin yawon buɗe ido wanda ya koma kashi 17 daga Yulin 2025, ga harajin muhalli dala 12 kan kowane mutum a kowane dare. Idan aka juya wannan zuwa naira sai an nemi kujera. Wani kaso na kuɗin "komai a ciki" kuma na giya ne, wadda ba ma sha. Da tsarin karin kumallo da abincin dare kawai muka ɗauka, da rarar ta biya mana nutso da dama.

Mutane na jin Maldibs ƙasar Musulmi ce sai su saki jiki. Haka ne, amma tsibiran otal-otal suna da lasisin sayar da giya da naman alade. A namu an ware teburin alade an sa masa alama, kuma mai dafa abinci ya zagaya da ni ya nuna mini abin da zan ci. Abin da na fi so shi ne karin kumallon 'yan ƙasar, mas huni, dakakken kifi da kwakwa da albasa da barkono, ana ci da gurasa marar kauri. Masallaci yana ɓangaren ma'aikata, a can Alhaji ya yi Juma'a. A kula da agogo: otal ɗin ya tura nasa gaba da awa ɗaya a kan na Male don baƙi su sami doguwar yamma, waya kuma tana bin na Male, sai lokutan salla su rikice. Alƙibla tana arewa maso yamma, mu da muka saba fuskantar gabas sai da muka riƙa duba alamar da ke cikin ɗaki.

Ɗakin kan ruwa, wanda shi ya cinye mafi yawan kuɗin, yana da kyau, ba musu. Amma barandar da aka ce ta sirri ce masu ƙananan kwale-kwale na wucewa ta gabanta, ba zan iya zama babu mayafi ba. Nisansa da sashen nutso kuma sai an jira motar lantarki, wadda ta sa muka kusa makara fiye da sau ɗaya. Ɗakunan bakin yashi masu katanga da bishiyoyi sun fi sutura, sun fi kusa, sun fi araha.

Ranar ƙarshe ba a nutso. Sashen ba ya barin kowa ya hau jirgin sama sai bayan awa 24 da fitowa daga ruwa, har da ƙaramin jirgin da zai mayar da mutum Male, saboda iskar da jiki ya tsotsa tana bukatar lokaci ta fita. A sa wannan rana cikin lissafi tun daga gida. Idan Allah ya sa za mu koma, otal ɗin nan za mu sake sauka saboda malamansa da gangarensa, a ɗakin bakin yashi, kuma zan nemi jimillar farashin nutso a rubuce, haraji a ciki, kafin in tura ko dala ɗaya.