Wace hanyar keke za ka zaɓa a karkarar Ingila?

Da yawa daga cikin hanyoyin keken da mota ba ta bi a Ingila tsofaffin layin dogo ne. A 1963 Richard Beeching, shugaban hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a lokacin, ya fitar da rahoton da ya sa aka rufe layuka masu yawa waɗanda ba sa kawo riba. Aka kwashe ƙarafunan, aka bar gadoji da ramukan da aka huda cikin duwatsu. Daga baya aka share wasu aka mayar da su hanyar masu keke da masu tafiya a ƙasa. Da yake jirgi ba ya iya hawan tudu mai tsayi, magina sun riga sun sassaƙe masa hanya. Shi ya sa za ka ratsa ƙasa mai tuddai da kwaruruka, kana kallonsu dama da hagu, amma ƙafarka ba ta ji a jikinta ba.

Sai dai kowace da halinta, kuma kuɗin jirgi da na hayar keke da na masauki ba kuɗin wasa ba ne. Abu uku nake dubawa kafin in ba mutum shawara: abin da aka shimfiɗa a hanyar, yadda za a isa bakinta in babu mota, da kuma wanda za a tafi da shi.

In kana Landan ko wani gari na kudu, ba ka da mota, kuma ka daɗe rabonka da keke, fara da hanyar Bristol zuwa Bath. Mil 13 ce, kwalta ce tun daga farko har ƙarshe, kuma akwai tashar jirgi a kowane gefe, saboda haka in ka gaji a Bath sai ka hau jirgi ka dawo. Ƙungiyar Sustrans ce ta gina ta tsakanin 1979 da 1986, daga nan kuma tsarin hanyoyin keke na ƙasa baki ɗaya ya samo asali, wanda aka ƙaddamar a 1995. Aibinta shi ne ba karkara ce zalla ba. Ɓangaren Bristol cikin unguwanni yake, kuma da safe ma'aikata ne ke fyallawa a guje. Sai ka wuce Bitton, inda wani tsohon jirgi mai hayaƙi ke ɗaukar 'yan yawon buɗe ido a gefen hanyar, sannan gonaki da kogin Avon za su bayyana. Wanda ya isa Bath da sauran ƙarfinsa yana iya ƙarawa da hanyar Two Tunnels da aka buɗe a 2013. Ɗaya daga cikin ramukanta biyu ya haura mil guda, akwai fitilu a ciki, amma da sanyi ko a tsakiyar watan Yuli.

Wanda kuma abin da ya fito nema shi ne ainihin karkara mai tuddai, da tumaki, da katangun dutse da aka jera ba siminti, to yankin Peak District ne nasa, kuma nan na fi so. Hanyoyi uku ne a kusa da juna, mutane kan ruɗa su.

Tissington mil 13 ce, daga garin Ashbourne zuwa Parsley Hay, an buɗe ta a 1971. Dakakken farin dutse aka shimfiɗa, kamar burji mai laushi. In rana ta fito zai yi maka ƙura, in an yi ruwa ya fantsa maka farin taɓo a baya, don haka kar ka sa kayan da kake ji da su. Daga Ashbourne hawa ne a hankali, irin wanda ba ka gani da ido sai dai cinya ta gaya maka. Dabarar ita ce ka fara daga can da ƙarfinka, ka dawo a gangare lokacin da ka gaji. Wanda ya yi akasin haka zai yi dariya da safe, ya yi tsaki da yamma. Saman tudun kuma fili ne fetal, in iska ta taso babu abin da zai tare maka ita.

A Parsley Hay take haɗuwa da High Peak, mai mil 17. A nan ake yaudarar baƙo. Ita ma layin dogo ce, amma tsohon yayi ne, na zamanin da ake kafa inji a saman tudu yana jan taragu da sarƙa. Gidan injin Middleton Top yana nan har yau. Saboda haka ɓangaren Cromford hawa ne na gaske, inda ko gwanaye kan sauka su tura. Tashar jirgi kuwa a Cromford ɗin take, wato wanda ya zo ta jirgi da hawan zai fara. Mai iyali ya soma daga Middleton Top, inda ake ba da hayar keke, ya nufi yamma.

Ta ukun ita ce Monsal, kusa da Bakewell, mil takwas da rabi kacal. Gajeriya ce, amma ta fi sauran abin kallo: doguwar gadar Headstone a kan kwari, da ramukan da aka sake buɗewa a 2011, waɗanda ake kunna wa wuta da rana. Ga yara babu kamarta. Ga wanda yake son ya yini a kan sirdi kuwa, kafin azahar ya gama. Matsalar yankin duka ita ce Ashbourne da Bakewell ba su da tashar jirgi, sai mota ko bas, kuma yawancin bas ba sa ɗaukar keke. Gara ka yi haya a can.

Can kudu maso yamma akwai biyu da ake yawan kwatantawa. Camel Trail ta Cornwall mil 18 ce, daga Padstow ta Wadebridge da Bodmin zuwa Wenfordbridge. Kar sunan ya sa ka sa ran ganin raƙumi, sunan kogi ne. A miƙe take, kuma tsakanin Padstow da Wadebridge, mil biyar da 'yan kai, gefen ruwa kake bi. Amma a hutun makaranta na Yuli da Agusta cika take kamar ranar kasuwa, kuma a Wadebridge dole ka ratsa cikin gari tare da motoci kafin ka koma kan hanyar. Mai yara ya san da wannan.

Tarka Trail ta Devon ita ce ta mai son tafiyar kwana biyu. Wajen mil 30 ne babu mota, daga Braunton ta Barnstaple da Bideford da Great Torrington har Meeth. Jirgi daga Exeter yana sauke ka a Barnstaple, dab da hanyar. Rabin farko kwalta ce a bakin kogin Taw da na Torridge. Bayan Torrington sai ta shige daji, ta fara hawa, ta yi ɗan kaushi, mutane kuma su ragu. Da za a ce in zaɓi guda in kwana a hanya, ita zan ɗauka, don garuruwan suna kusa da juna, masauki ba ya wuya. Tana cikin hanya mai lamba 27 da ta ratsa Devon daga Ilfracombe zuwa Plymouth, sai dai sauran ɓangarorin akwai inda ake haɗuwa da motoci.

Wannan ya kawo ni ga allon hanya. Shuɗin allo mai jar lamba yana nufin kana kan tsarin hanyoyin keke na ƙasa, ba ya nufin babu mota. Da yawa daga cikinsu ƙananan titunan ƙauye ne masu shinge a gefe, inda tarakta kan fito maka a kwana. Haka nan ba kowace hanyar gona ce keke ke da izinin bi ba. Dokar 1968 ta yarda masa ya bi hanyar dawaki, da sharaɗin ya kauce wa mai doki da mai ƙafa. Hanyar da aka keɓe wa masu ƙafa kuwa ba tasa ba ce. Gefen magudanar jiragen ruwa, irin na Bath zuwa Devizes, yana da daɗi a ido, amma siriri ne, da taɓo, ga ruwa a gefenka.

Batun keken kansa ba ya buƙatar dogon bayani. Irin Rali ɗin da iyayenmu suka hau, wanda asalinsa na Nottingham ne, zai iya Bristol zuwa Bath da Camel ba gardama. A Tissington da ƙarshen Tarka kana son taya mai ɗan faɗi da giya. Mai siririyar tayar tsere zai sha wuya a kan tsakuwa. Akwai mai batir a yawancin wuraren haya, ya fi tsada, injinsa yana daina taimako a mil 15.5 cikin awa, kuma yaron da bai kai shekara 14 ba doka ta hana shi hawa. Hular kwano ba tilas ba ce a doka, amma ka karɓa. Ka tambayi mai haya famfo da kayan faci da kwaɗo kafin ka bar shagon.

In da naka keken za ka, jiragen dogon zango suna son ka kama masa wuri tun da wuri, kyauta ne amma guraben kaɗan ne. Ka yi guzuri daga gida, don naman halal yana wuyar samu a waɗannan ƙauyuka, ko soyayyen kifi ma ka tambaya da wane mai aka soya, kuma me aka zuba a ƙullun. Ka naɗe 'yar darduma da rigar ruwa a bayan keke. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa ƙarfe huɗu duhu ya yi, kuma wasu shagunan haya a rufe suke.