Injin eliftikal a gida: gwiwata ta huta, amma dogon mutum ya yi hattara

Injin da nake magana a kansa shi ne wanda masu shago ke kira eliftikal. Feda biyu ne faffaɗa da ake tsayawa a kai, da hannaye biyu dogaye masu kai da komo, mutum na tafiya amma tafin ƙafarsa ba ya barin feda. Nawa ƙarami ne irin na gida, mai aiki da maganaɗisu, tayarsa a baya, kuma ya ga damina ya ga hunturu a gidanmu a Unguwar Dosa, Kaduna.

Ciwon gwiwa ne ya sa na neme shi. Likita ya ce in rage jiki, in riƙa motsawa, amma ban da gudu da tsalle-tsalle. Masu hali suna zagaye Murtala Square da sassafe, ni kuwa tsakanin sallar asuba da shirya yara makaranta babu inda zan saka wannan. Injin gudu ma na duba, sai dai yana son wuta tsayayya, ga buga ƙafa da yake sawa, abin da aka hana ni ke nan.

A wani shago kan titin Ahmadu Bello mai kayan ya so ya tura mini wani daban. "Hajiya, ki ɗauki wannan mai fanka, shi ake yayi, kuma ya fi sauƙin kuɗi." Na ce masa, "Malam, bari in hau tukuna." Mai fankar nan bel ne yake goge tayar don ta yi nauyi, saboda haka yana da ƙara, kuma bel ɗin cinyewa yake yi. Mai maganaɗisu kuwa, idan ka murɗa makunnin, maganaɗisun ne ke matsowa kusa da tayar ƙarfen ya riƙe ta ba tare da sun taɓa juna ba. Babu abin da ke gogewa, don haka shiru yake. Ina hawansa yara na barci a ɗakin kusa, ba wanda ke juyawa. Matakin nauyi 8 ne da shi, ni ina tsakanin na uku da na biyar. Allonsa batir biyu irin na agogon bango yake ci, injin kansa ba ruwansa da soket. Manyan da ake jonawa a bango sun fi kyau a ido, amma wani ɗan injin lantarki ne a ciki ke matsar da maganaɗisun, in an ɗauke wuta sai ya tsaya a nauyin da yake. A Kaduna wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Inda ya gaza shi ne tsawon taku, kuma a nan nake so mai saye ya daɗe kafin ya ciro kuɗi. Tun da kamfanin Precor na Amurka ya fito da irin wannan inji a 1995, dabarar ita ce ƙafa ta bi doguwar hanya mai siffar ƙwai, irin wadda take bi idan mutum na sassarfa, ba tare da ta bugi ƙasa ba. Injinan wuraren motsa jiki takunsu na kai wajen inci 20. Nawa inci 14 ne. Idan taku ya gajarce haka, hanyar ƙafar sai ta koma kusan da'ira, jiki ya riƙa hawa da sauka maimakon miƙewa gaba. Ni gajeriya ce, ya zauna mini daidai. Maigida kuwa dogo ne, ya hau ya ɗan tuƙa ya sauko yana dariya, ya ce, "Maman yara, wannan ai daka ake yi, ba tafiya ba." Tun daga ranar bai sake kusantarsa ba, alhali da cewa mu biyu za mu yi amfani da shi aka sayo. Ba a gane wannan a hoton waya ko a jikin kwali. Sai an hau, da takalmi, an yi mintuna ana tuƙawa, an ji ko kwankwaso na miƙewa ko yana takurewa. A duba kuma tazarar da ke tsakanin fedojin, in sun yi nisa da juna ƙugu zai gaya maka.

Wani abin da mai shago ba zai tuna maka ba shi ne fankar silin. Feda na ɗaga mutum sama sosai, ga hannu na motsi. Mu sai da muka ja shi can kusurwa, nesa da fanka. A kan tayil kuma yana zamewa kaɗan-kaɗan, sai da na shimfiɗa masa tabarmar roba mai kauri. An rubuta a jikinsa cewa yana ɗaukar kilo 120, amma in na ƙara sauri nakan ji yana ɗan rangaji, don haka wanda nauyinsa ya kusa wannan adadi ya nemi mai ƙarfen da ya fi kauri.

Da hunturu ya shigo sai ƙyaƙ-ƙyaƙ ya fara daga gaɓar da ta haɗa hannu da feda. Ƙura ce ta haɗu da giris ta bushe. Na goge, na sa sabon giris, na bi notuna da sifanar da ta zo a kwalin, don suna kwancewa da kansu a hankali. Yanzu tsohon zani nake lulluɓa masa in na gama. Na yi sa'a nawa ba ya da 'yan tayoyin da ke gudu a kan layin ƙarfe, waɗancan kullum sai an share musu hanya.

Allon nan kuwa, agogonsa kaɗai na yarda da shi. Bai taɓa tambayata nauyina ko shekaruna ba, amma yana ƙirga mini kalori da ƙarfin hali, kuma lissafi ɗaya yake ba ni da 'yata budurwa. Ƙarafunan auna bugun zuciya da ke hannun ma sai tafi ya jiƙe suke kamawa, lambar ta yi ta tsalle. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2020 ta ce baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da wannan nake aunawa. In ina iya magana amma numfashi bai isa in rera waƙa ba, na san ina daidai. Da farko yatsun ƙafata kan yi sanyi su mutu, sai na lura ina dogara a kansu ne. Da na sauke dunduniya, nakan kuma tuƙa da baya na ɗan lokaci, abin ya ragu. Gwiwar dai ba ta kumbura bayan na sauka, hawa benen wurin aiki ma ya yi sauƙi.

Masu ƙananan yara su sani ba shi da makulli. Yaro na iya tura feda ɗaya, ɗayar ta matse yatsan ƙaninsa, shi ya sa ɗakin da yake a kulle yake.

Maƙwabciyata ta tambaye ni ko ta sayi ɗan kwatano. Na ce in babba ne mai dogon taku, zai iya fin sabon ƙarami irin nawa. Ta dai hau ta jijjiga shi, ta saurari boris ko yana gurnani, ta murɗa makunnin daga farko zuwa ƙarshe ta ji nauyin na canzawa. Ƙarfe in ya tsage, masu walda a Panteka za su ɗinke shi, amma allo ko wayar makunni in suka lalace, neman irinsu wahala ne, don haka ta tambayi mai kayan ko yana da su a ajiye kafin ta biya.