Maganin emamectin a kan tsutsar kabeji: abin da na gani a Ajiwa

Duk mai noman kabeji a bakin dam ɗin Ajiwa ya san tsutsar nan koriya, 'yar ƙarama da ba ta wuce santimita 1 ba, wadda in ka taɓa ta sai ta yi zillo da baya, ta sulalo ƙasa a kan zare kamar gizo-gizo. Ta ƙasan ganye take ci, ta bar fatar sama shara-shara, daga baya wurin ya huje. Uwarta wani ɗan ƙwaro ne mai fiffike ruwan toka da ke yawo da almuru, kuma in gari ya yi zafi, sati biyu zuwa uku sun ishi ƙwai ya zama uwa.

Magungunan feshi cypermethrin da lambda da muka saba da su, tsutsar ta daina jinsu. Shi ya sa a ranin bana na koma kan emamectin benzoate, na gari mai kashi 5 cikin 100, da na saya a wani shagon kayan noma cikin garin Katsina.

Yana aiki, wannan kam na shaida. Sai dai yana son haƙuri, don washegarin feshi za ka tarar da tsutsotsin suna nan a kan ganye, har ka ɗauka an sayar maka da jabu. Duba da kyau: sun daina ci, sun yi laƙwas, in ka taɓa su ba sa zillo. Cikin kwana biyu zuwa huɗu suke mutuwa. Sabon ganyen da ya fito a tsakiya bayan nan lafiya lau, ba huji ko ɗaya, kuma ganin haka ya kwantar min da hankali ƙwarai.

Da yamma liƙis nake fesawa, saboda rana tana kashe ƙarfinsa, ga kuma ƙudan zuma da yake yi wa illa. Ganyen kabeji yana da santsi, ruwa ba ya zama a kansa, don haka sai an sa ɗan sinadarin da ke liƙa magani, a karkata bakin famfo ya bugi ƙasan ganyen da cikin zuciyar shukar. In kabeji ya riga ya dunƙule da tsutsa a ciki, maganin ba zai kai gare ta ba.

Inda ya gaza shi ne darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, bai yi mata komai ba. Ga tsada. Kuma ban yarda a yi ta maimaita shi kaɗai ba, don yadda tsutsar ta saba da na baya haka za ta saba da wannan. Ni ina tsallaka shi da ruwan 'ya'yan bedi da aka daka aka jiƙa ya kwana.

Zan sake sayensa. Wanda zai gwada ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin ledar, ya bi awon da aka rubuta, ya kuma kiyaye kwanakin da aka ce a jira kafin a yanki kabejin a kai kasuwa.