Kuɗin Taimako a Tahoua: Dashen Itace ko Takardar Gona?

Mai ƴan kuɗin da yake son sa wa cikin aikin kare gonaki a jihar Tahoua ta Nijar yana da hanya biyu a gabansa.

Ta farko ita ce ƙungiyoyin gyaran ƙasa da dashen itace. Aikinsu ido na gani. A kwarin Majiya, layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 sun tare iskar da ke binne hatsi tun yana tsiro. A Keita ma, aikin da Italiya ta ɗauki nauyinsa daga 1984 ya farfaɗo da faƙo mai yawa. Wanda ya ga ramin tassa, wato ɗan ramin shuka da ake haƙawa a faƙo, ya riƙe ruwa da taki, gero ya fito kore shar a wurin da dā ko ciyawa ba ta yi, ba sai an roƙe shi ba.

Ta biyu ba ta da wannan kwarjini. Su ne masu raka manomi gaban kwamitin filaye, wato Kofo, da dokar karkara ta 1993 ta tanada, a rubuta gonarsa, a shata burtali da makiyaya. Zirga-zirga ce da zaman shaidu gaban mai gari.

Ni dai nan zan fi karkata, musamman a gefen birni. Gonar da aka gyara ba takarda, gobe ana iya yanka ta filayen gini, magada na kallo. A ƙauyen nesa kuwa, inda zaizaya ce babbar matsala, kuɗin tassa da na ramukan tare ruwa masu siffar rabin wata sun fi saurin kai hatsi rumbu.