Wata uku ina biyansu da dala, harafi ɗaya ya ba ni kunya

Wata uku ke nan ina biyan wani kamfanin waje da ke tattara wa masu rubuta manhaja rajistar kurakurai, abin da muke kira log. Da dala ake biya, kun kuwa san tsakaninta da sidi, kuɗinmu na Ghana. Na ɗauke su ne saboda shafin oda da na gina wa wata Hajiya mai atamfa da leshi a kasuwar Kejetia da ke Kumasi.

Saura kwana huɗu Babbar Salla ta kira ni, ina zaune wajen mai koko a Aboabo. "Ɗan nan, wata ta turo kuɗi ta MoMo tun shekaranjiya, ni ban ga oda ba. Ga ta nan ta tsaya min a bakin shago." Na ce, "Ki yi haƙuri Hajiya, yanzu zan duba." Na buɗe allon mutanen nan, kore shar, wai mako guda ba kuskure ko ɗaya. Har na fara zargin matar a raina, Allah ya yafe min.

Sai bayan isha'i na haƙura da su na shiga sabar da kaina, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta. Na buɗe ɗanyen fayil, adireshin matar lafiya lau a ido. Da na sa cat -v, umarnin da ke fito da ɓoyayyun haruffa, sai ga ^K zaune tsakanin "Asawase" da lambar gida. Harafi mai lamba 11 ne a ASCII, jerin lambobin haruffan kwamfuta, kuma ba ya fitowa a allo. Ashe daga Word ta kwafo adireshin, shi kuwa Word wannan harafin yake sawa in an danna Shift da Enter don sauka layi. Dokar JSON, tsarin da nake shirya bayanai da shi kafin aikawa, ta hana duk harafi daga 0 zuwa 31 zama tsirara cikin rubutu, sai an mayar da shi irin \u000b. Odar ta mutu a nan, rahoton mutuwarta ma ya mutu, don shi ma da adireshin a cikinsa.

Gaskiya ɗaya ce, rabin laifin nawa ne. Da hannu nake harhaɗa JSON ɗin, ina manna rubutu kan rubutu, alhali ga wani shiryayyen umarni, JSON.stringify, da zai yi aikin a layi ɗaya. Minti goma na gyara. A daren har na ji kamar na zalunce su.

Amma da safe abin ya dawo min sabo. Sabarsu ta karɓi saƙona ta amsa da 200, wato komai daidai, sannan ta zubar a shara ba ko tari. Me zai hana su rubuta a gefe cewa an jefar da saƙo kaza? Aikin da nake biya ke nan fa! Na rubuta musu, sai bayan Salla suka amsa, su ma shafin bayani kawai suka turo min, wanda na riga na karanta.

Bincikensu yana da sauri, ban musa ba. Taurari biyu na ba su, kuma ƙarshen wata zan yanke. Hajiya dai ba ta nemi jin labarin ^K ba. Turmi uku ta ɗora min, na hau pragya, keken nan mai ƙafa uku, na kai wa matar har gida Asawase, kuɗin motar ma daga aljihuna.