Awa ɗaya a gaban na'urar auna bugu: sanda mai lamba 7 ta tona min asiri

Shekara shida ina buga golf, wasan da sandunansa ke da lambobi, mai ƙaramar lamba ta fi kai ƙwallo nesa, kuma duk wanda ya tambaye ni nisan da sandata mai lamba 7 take kai ƙwallo, amsata ɗaya ce: yadi 150. Lambar ta samo asali ne daga wata rana guda da iska take bayana, ƙasa ta bushe ƙayau, ƙwallon ta sauka ta yi ta gangarawa. Tun ranar na riƙe 150 kamar gado. Ramin yashi kuwa, tarkon da ake yi wa ƙwallo a filin wasan, ya zama gidana na biyu, kullum ina ɗora wa iska laifi.

Watan jiya na biya kuɗin awa ɗaya a wani filin atisaye da ke auna wa mutum nisan kowace sanda a jakarsa. Na'urar ba ta da wani kwarjini, ɗan akwati ne da ake ajiyewa a ƙasa 'yan taku kaɗan a bayanka. Da rada take aiki, tana bin ƙwallon tun daga fuskar sanda, sai lambobi su fito a allo. Mai koyarwar ya sa na fara da gajerun sanduna, ƙwallo goma-goma. Da na yi wani bugu mai daɗi na waiga ina murmushi, sai na ga ya goge shi tare da wanda na tono ƙasa.

"Malam, ba bugun da ka fi kyautatawa muke nema ba," in ji shi. "Wanda ka saba yi muke nema."

Lamba biyu na'urar take bayarwa, kuma a nan kuɗina ya fita. Akwai nisan da ƙwallo ta yi a sama kafin ta taɓa ƙasa, akwai kuma jimillar nisa har da gangarawa. Lamba 7 ɗina ta nuna 134 a sama, 143 duka. Ruwa da yashi babu ruwansu da gangarawa. In bakin yashi yana yadi 140, ni da nake ɗaukar 7 da ƙarfin gwiwa, ashe ciki nake nufa kai tsaye tun kafin na ɗaga hannu.

Abin da ya fi ba ni mamaki yana can cikin dogayen sanduna. Mai lamba 5 ta ba ni 152, mai lamba 4 ta ba ni 154. Wato shekara da shekaru ina dakon sanduna biyu masu aiki ɗaya. Mai koyarwar ya ce saurin hannuna bai kai ya ɗaga ƙwallo sama sosai da lamba 4 ba, shi ya sa take faɗowa da wuri. A ɗaya ɓangaren kuma ga giɓi: a cikin weji, wato gajerun sandunan bugun kusa, fuskar na farko ta karkata digiri 44, ta na yashi 56, tsakaninsu yadi 28 babu sandar da za ta cike, alhali abin da ake so tsakanin sanda da mai bi mata yadi 10 zuwa 15 ne. Doka ta ƙayyade sanduna 14 a jaka, don haka lamba 4 ta koma gida, weji mai digiri 50 ya gaje ta. Ya kuma nuna min cewa karkatar fuskar lamba 7 ta zamanin da takan kai digiri 34, ta zamani kuwa wasu 30 ne ko ƙasa da haka. Na daina jin haushin abokina da ke wuce ni da tasa 7 ɗin, don a gaskiya 6 ce ta sake suna.

Akwai inda ban gamsu ba. A kan tabarmar roba aka yi komai, ita kuwa tana rufa wa mutum asiri: sanda ta daki ƙasa kafin ƙwallo, sai ta zame ta ba da bugun da ciyawa ba za ta taɓa bayarwa ba. Ƙwallayen atisaye ne kuma, wasu duk sun goge, ba sa tashi kamar wadda nake wasa da ita. Awa ɗaya ma ta yi kaɗan. Bugu 130 ba wasa ba ne, kafin mu iso kan direba, wato sandar da ta fi kai ƙwallo nesa, kafaɗuna sun yi nauyi, don haka lambarsa ban yarda da ita ba. Wanda zai je ya nemi a raba masa zama biyu, ya kuma tambaya ko za a bar shi ya buga irin ƙwallonsa.

Takardar da suka turo min cike take da lambobin juyawar ƙwallo da kusurwar tashi, babu bayani. Na tsamo nisan sama kawai na rubuta a ɗan kati, na maƙale a jaka. Tun 2019 doka ta yarda a auna nisan tuta da na'urar hangen nesa a lokacin wasa, ni ma ina da ita, amma sai yanzu ta fara yi min amfani.

Ranar Asabar na tsaya a yadi 146 daga tuta, yashi a gaba. Hannuna ya nufi 7 da kansa. Na duba kati, na zaro 6. Ƙwallon ta tsallake yashin da taku huɗu, sannan na yi bugu uku kafin ta shiga rami.