Allurar ƙwayoyin halitta ko tiyatar raga: wanne ya fi ga mai ɗigar fitsari idan ta yi tari?

'Yar'uwa, kin ce haihuwarki biyar, kuma tun bayan ta ƙarshe da kin yi tari ko atishawa ko kin ɗaga bokitin ruwa sai fitsari ya kufce miki, har riƙe alwala ya zama aiki. Kin ji ana tallar allurar ƙwayoyin halitta a ƙasashen waje, kina son sanin ko ta fi tiyatar da likita ya ambata miki.

A fara tabbatar da irin larurar. In fitsari na zuba dare da rana ko kina kwance, musamman bayan doguwar naƙuda, mai yiwuwa huda ce a mafitsara, kuma ɗinki take buƙata a cibiyoyi irin ta Babbar Ruga a Katsina ko ta Laure a Kano. Allura ba ta toshe huda. Abin da kika bayyana daban ne: tsokar da ke matse bakin bututun fitsari da naman da ke tallafe da shi sun saki, tari ya fi ƙarfinsu. Likita kan gane haka ta hanyar sa ki yi tari da mafitsara a cike yana dubawa, sannan ya auna fitsarin da ya rage bayan kin gama.

Ga yadda aikin ƙwayoyin yake. Ana kashe zafin wani wuri a cinya, a ciro ɗan guntun tsoka da allura mai kauri, a tura ɗakin gwaji inda ake renon ƙwayoyin tsokar na makonni har su kai miliyoyi. Daga nan a dawo da su a daskare, a narkar, a yi wa tsokar bututun fitsarin allura da su a wurare da dama. Fatan shi ne su kama, su ƙara wa tsokar ƙarfi. Da yake daga jikinki aka ɗauko su, jiki ba ya ƙin su, kuma illar da aka fi gani ba ta wuce zafin wurin, ɗan jini a fitsari, ko ciwon sanyin mafitsara ba. A nan ƙarfin wannan hanya yake.

Rauninta kuma a sakamako yake. Kamfanin Cook MyoSite na Pittsburgh a Amurka ne ya fi nisa a kai. Ƙananan gwaje-gwajen farko a Kanada da Amurka sun ba da ƙwarin gwiwa, amma da aka yi babban gwaji a kan mata kusan 300, aka yi wa wasu allurar ƙwayoyi miliyan 150, wasu kuma allurar da babu ƙwayar komai a ciki, bayan shekara guda kusan rabin kowane ɓangare ne suka ga ɗigar ta ragu da rabi. Wato ba a ga fifiko ba. Inda aka hango alamar amfani shi ne wajen matan da aka taɓa yi wa tiyata amma ɗigar ba ta tsaya ba, shi ya sa aka buɗe musu gwaji na musamman. Ga dalilan da ake zaton sun jawo gazawar: da yawa daga ƙwayoyin suna mutuwa kwanaki kaɗan bayan allura, waɗanda suka rayu kuma ba lallai jijiya ta haɗu da su ba, tsokar da ba ta karɓar umarni kuwa ba ta matsewa. Sannan in matsalar sakin tallafi ce, ƙara tsoka ba ya ɗaga abin da ya zube.

Masu talla kan kawo alƙaluma masu ɗaukar ido, to ki san tarihinsu. A 2007 mujallar Lancet ta buga wani bincike daga Innsbruck a Ostiriya da ya ce mata 38 cikin 42 sun warke sarai da allurar ƙwayoyi. A 2008 aka janye shi bayan hukumomin ƙasar sun gano manyan kurakurai a yadda aka gudanar da shi. Ƙwayoyin da ake tacewa daga kitsen ciki kuma, wanda jami'ar Nagoya a Japan ta yi fice a kai, yawancin gwajinsu a kan maza aka yi bayan tiyatar prostate (wani nama da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji), ba mata masu haihuwa ba.

Tiyatar raga fa? Ulf Ulmsten na Suwidin ne ya fito da ita a tsakiyar shekarun 1990. Siririn tef ne na roba mai saƙa kamar raga, faɗinsa kamar santimita ɗaya, ana shigar da shi ta ɗan yanka a cikin farji a shimfiɗa shi ƙarƙashin tsakiyar bututun. Ba a ɗaure shi tamau; yana nan kamar majanyi, in kin yi tari bututun ya danna a kansa ya rufe. Aikin bai cika wuce rabin sa'a ba, kuma kusan mata takwas cikin goma suna samun waraka ko sauƙi mai yawa, har shekaru. Amma tana da nata haɗarin: allurar shigarwa na iya huda mafitsara, in tef ɗin ya yi tsauri fitsari ya ƙi fita sai da roba, wani lokaci ya cinye nama ya leƙo cikin farji, wasu kuma su zauna da ciwo mai naci, cire shi duka kuwa ba ƙaramin aiki ba ne. Koke-koken irin waɗannan matan ne suka sa Ingila ta dakatar da shi a Yulin 2018. Wadda ba ta son roba a jikinta tana iya neman a yi mata majanyin da tantanin cikinta, ko ɗinkin Burch mai ɗaga wuyan mafitsara. Sun fi daɗewa kafin a warke, amma babu raga a jiki.

Akwai ta tsakiya da mutane ke rikita ta da allurar ƙwayoyi: allurar cikawa, kamar Bulkamid, wani kauri ne da kashi 97.5 cikin ɗari nasa ruwa ne. Ana cusa shi a wuri uku ko huɗu a bangon bututun don ya tsuke. Ba ya gyara tsoka, cikawa kawai yake yi. A wani gwaji a Helsinki, bayan shekara guda kashi 95 na masu raga ba su ɗiga ba da aka sa su tari, masu Bulkamid kuwa kashi 66. Amma illarsa kaɗan ce, kuma ana iya maimaitawa.

A ganina jerin haka yake. Fara da atisayen matse tsokar ƙasan mara: matsewa takwas aƙalla, sau uku a rana, wata uku cur, ƙarƙashin likitan gashin ƙashi ko ungozomar da za ta tabbatar ba ciki ko cinya kike matsewa ba, domin nan ne mafi yawa ke kuskure. Kada a riƙa yinsa ana tsakiyar fitsari. A haɗa da rage ƙiba in akwai, da maganin tari da taurin bayan gida. In bai wadatar ba, kuma kina son ƙarin haihuwa, a jinkirta tiyata tunda ciki na iya warware ta. Allurar cikawa ta fi dacewa a tsakani. In kin gama haihuwa, raga ko majanyin tantaninki ne ke da hujja mafi ƙarfi.

Allurar ƙwayoyi kuwa, wurinta har yanzu cikin gwaji ne mai rajista. Duk asibitin da ya nemi kuɗinki a kanta, ki tambaye shi lambar rajistar gwajin, daga wane sashe na jiki za a ɗauko ƙwayoyin, miliyan nawa za a saka, da wanda zai duba ki bayan kin dawo gida.